Mai suka daban, maƙiyi daban

Ƙannena masu fassara labarai daga Turanci, ku yi hattara da rival, opponent, critic da detractor. Na daɗe ina yi musu kuɗin goro, duk in ce "maƙiya", har abin ya ja mini kunya.

Ina sabon shiga a wani gidan rediyo aka miƙo mini labarin kasafin kuɗi, a ciki an rubuta "critics say". Ban yi wata-wata ba na rubuta "maƙiyan gwamnati na cewa", aka karanta a labaran yamma. Ashe malaman jami'a ne masana tattalin arziki, ɗayansu ma ɗan jam'iyya mai mulki ne. Washegari edita ya ajiye takardar a gabana, ya zagaye kalmar da jan biro, ya ce, "Malam, ina ka ga ƙiyayya a nan? Mutanen nan lissafi suka duba."

Critic shi ne mai auna abu ya faɗi abin da ya gani, yana iya kushewa, yana iya yabawa. Idan fim ko littafi yake dubawa, mai sharhi ne sunansa. Detractor kuwa ɗan ɓata suna ne, burinsa ya zubar maka da mutunci ko da aikinka ya yi kyau. Shi ya sa 'yan siyasarmu ke ƙaunar kalmar: da an tambayi ina kuɗin kwangila, sai kakaki ya fito ya ce aikin detractors ne, shi ke nan an kashe maganar. Kada ku taya su.

Rival abokin hamayya ne da kuka daɗe kuna neman abu ɗaya, irin Real Madrid da Barcelona. A Turancin Ghana ma haka ake kiran kishiya. Opponent wanda kuka kara da shi ne a ranar, ko a dambe ko a akwatin zaɓe, kuma ba dole ne akwai gaba ba. Misali, a Birtaniya adawa ba gaba ba ce, tun 1937 ake biyan jagoran 'yan adawa albashi daga baitulmali.

Idan kun ci karo da critics, ku nemi sanin su waye kafin ku ɗora biro. In labarin bai faɗa ba, ku rubuta "masu suka" ku wuce.