Godiya bayan dawowarmu daga Adre

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun dawo gida lafiya daga aikin sa kai na duba haƙora da muka je yi a gabashin Chadi, saƙonninku sun yi yawa ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba shi ya sa na ce bari na rubuta a nan kowa ya gani.

Ga waɗanda ke tambaya ina ne Adre, gari ne a bakin iyakar Chadi da Sudan, gaba da Abeshe, tsakaninsa da Al-Junaina ta Darfur wajen kilomita 30 ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 mutane ke tsallakowa, yawanci mata da yara, kuma tun kafin su akwai waɗanda ke zaune a sansanoni irin su Farshana tun 2004, yaran da aka haifa a ciki yau sun zama iyaye. A irin wannan wuri ana ta abinci da ruwa da waɗanda aka harba da bindiga, wa zai tuna da haƙori? Amma wallahi wanda bai taɓa kwana da ciwon haƙori ba bai san abin da nake faɗa ba.

Godiyata ta farko ga tafintocinmu, su ma 'yan gudun hijira ne. Mara lafiya zai yi magana da yaren Masalit, a juya zuwa Larabci, sannan ta iso gare ni, kuma haka za su wuni a tsaye ba ƙorafi. Sai wata 'yar uwa nas da ta baro aikinta a Al-Junaina, ita ce ke tafasa mana kayan aiki a tukunyar tururi kan gawayi in sola ta ƙi, ita ke riƙe min tocila, ita ke lallashin yara kafin allurar kashe zafi. Akwai wata yarinya da aka kawo kumatunta ya kumbura har ido ya kusa rufewa, uwar ta cusa mata kanumfari a kogon haƙorin don shi kaɗai gare ta, yarinyar ta ƙi buɗe baki sam sai da wannan baiwar Allah ta ɗora ta a cinya tana mata waƙa muka samu muka fitar da mugunyar. Allah ya saka miki da Aljanna 'yar uwata.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan haƙoran da muka cire waɗanda da an gan su da wuri ciko kawai za a yi. Shi ya sa muka fi ba da ƙarfi wajen koya wa ma'aikatan lafiyar wurin cikon da ake yi da hannu ba injin ba lantarki, a kankare ruɓar a cike, dabarar da aka fara a Tanzaniya tun shekarun 1980. Mun kuma nuna musu alamun farko na cutar noma (mai cinye naman baki da fuska), dasashi na jini, baki na wari, fuska ta fara kumbura ga yaron da ke fama da tamowa, don mu 'yan Arewa mun santa, asibitin ta na nan a Sakkwato. Wanda ba shi da burushi ba ma sa shi jin kunya, asuwaki ya wadatar in ana yi da kyau, sukarin shayi ne dai muke roƙo a rage.

Na gode wa direbobinmu da masu dafa mana abinci, da Hausawan Abeshe da suka karɓe mu kamar sun daɗe da saninmu, wata Hajiya har tuwo ta aiko mana. Abokan aikina da suka riƙe min marasa lafiyata, Allah ya bar zumunci. Hajiyata da ba ta so tafiyar ba amma ta sa albarka, da Abban yara da ya riƙe gida da makaranta, ban da bakin gode muku.

Ku da kuka tura kuɗin safar hannu da allura da man goge baki, komai ya isa hannun masu shi, abin da ya rage mun bar wa ma'aikatan can. Maganin kashe zafi da kayan ciko ne za su fara ƙarewa, duk likitan haƙori ko nas da ke son zuwa ko taimakawa ya yi min magana ta inbos, in da hali a fara koyon Larabci ko na gaisuwa ne. Allah ya kawo ƙarshen wannan yaƙi ya mayar da su gidajensu lafiya, amin.