Inda na kwana a koyon haɗa kiɗa: lup ko jerin hannu

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikina ya tsaya a wannan zangon. Tambayar da ta fi yawo tsakaninmu a nan Maradi ita ce: mutum ya ɗauko lup, wato guntun kiɗan ganga da wani ya riga ya buga ya naɗa, ya ɗora waƙa a kai, ko kuwa ya zauna ya jera bugunsa ɗaya bayan ɗaya? Na gwada hanyoyin biyu a kan waƙa guda, waƙar biki ta wani abokina, domin kunne ya raba gardama.

Lup yana da ranarsa, kada wani ya sa ku raina shi. Yawancinmu da tsohuwar kwamfuta muke aiki, wasu ma da salula a manhajojin haɗa kiɗa irin su BandLab ko FL Studio Mobile, ga wuta da ba ta da tabbas. Mawaƙi ya zo da baiti yana zafi a bakinsa, in ka ce sai ka gama jera ganga, kafin ka ɗago kai abin ya huce. Da lup kuwa nan take ka ba shi ƙasar da zai taka. Sautinsa ma ya fi abin da ɗakunanmu za su iya bayarwa, don an ɗauke shi da kayan aiki masu tsada. Kuma malami ne: ka jefa shi cikin Slicex, abin yanka sauti da ke cikin FL Studio, ya yayyanka maka shi, ka ga inda kowane bugu ya faɗi, wanne ya yi ƙarfi, wanne aka sassauta. Yawancin abin da na sani game da jera hai-hat, siririn sautin nan mai tsit-tsit da ke bin bayan ganga, daga kwance lup ɗin wasu na koye shi.

Amma da abokin nawa ya fara rerawa, sai matsalar ta fito fili. Waƙarsa tafiyar uku-uku take yi, irin wadda kunnenmu ya saba da ita a kiɗan kalangu da na ƙwarya, lup ɗin kuma huɗu-huɗu yake tafiya, kamar yawancin waɗanda ake saukewa daga intanet. Bari in sa muku lissafin, don shi ya buɗe mini ido. In gudun kiɗa bugu 100 ne a minti, kowane bugu yana cin kashi 600 cikin dubu na daƙiƙa. Ka raba shi huɗu, kowane gida ya sami 150. Ka raba shi uku, kowane gida ya sami 200. Wannan hamsin ɗin da ke tsakani, ido ba ya ganinta, amma harshen mawaƙi yana tuntuɓe da ita a kowane layi. Hausa tana da gaɓa doguwa da gajera, kuma mawaƙinmu a kan wannan awon yake gina baitinsa. In kiɗa ya matse shi, sai ka ji yana haɗiye dogon wasali don ya cim ma ganga, kalma ta fita a gurgunce.

Wannan ba laifin kowa ba ne, asalin kayan aikin ke nan. Na'urar buga ganga ta TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980 gidaje 16 take da su a jere, huɗu sau huɗu. FL Studio da muke amfani da shi, na kamfanin Image-Line na Beljiyam, shi ma da irin wannan jeri ya fara rayuwa a ƙarshen shekarun 1990. Duk wanda ya buɗe shi yau, gidaje 16 ne za su tarbe shi, hannunsa kuma ya bi su ba tare da ya yi shawara ba. Maganin yana nan cikin manhajar: ka shiga wurin jera sauti mai hoton fiyano, ka mayar da ma'aunin layukan zuwa 1/3 na bugu, sai zagaye ɗaya, wato bugu huɗu, ya koma gidaje 12. Ina yin haka na jera kik, wato bugun babbar ganga mai kaurin murya, da tafi da caki da hannuna, abokina ya sake rerawa, numfashinsa ya zauna daram.

Akwai kuma zancen fili. Waƙar biki ba ta miƙewa santal daga farko zuwa ƙarshe. Mawaƙi zai tsaya ya kira sunan uwar amarya, ya yi wa dangin ango kirari, 'yan amshi su karɓa. A irin wannan wuri kiɗa yana bukatar ya ja baya, ya bar kik kaɗai ko ya yi shiru na bugu biyu. Lup dunƙule yake, ba ka iya cire tafi ka bar caki, sai dai ka rage shi gaba ɗaya. In kuma gudunsa bai yi daidai da na waƙar ba ka ja shi da yawa, sautin sai ya yi laushi, kaifin bugun ya tafi.

Sai dai jerin hannu, in an bar shi yadda kwamfuta ta ajiye shi, ba shi da rai. A nan na fi daɗewa. Kowane bugu a tsarin MIDI, wanda kwamfuta ke rubuta bugu da shi kuma ya fito tun 1983, yana da awon ƙarfi da ya kai har 127. In ka bar caki duka a ƙarfi ɗaya, zai yi ta ƙara kamar injin markaɗe. Abin da nake yi yanzu: a kowane rukuni na uku, na farko ya fi ƙarfi, na biyu ya yi ƙasa sosai, na uku ya ɗan ɗago don ya miƙa hannu ga na gaba. Sannan in kashe ma'aunin layi, in ɗan jinkirta tafi kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda ba za a ce ya makara ba amma za a ji ya jingina. Kik kuwa ba na taɓa shi, shi ne turken da kowa ke komawa gare shi. Kuma duk bayan zagaye huɗu ko takwas nakan canza wani abu, ko da cire bugu ɗaya ne, don makaɗi na gaske ba ya maimaita kansa sak.

Inda jerin hannu ya gaza mini shi ne kalangu. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyin da hammatarsa, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, wani lokaci ma bayan sanda ta riga ta sauka muryar take lanƙwasa. Na yi ta fama da sautin kalangu guda ɗaya ina ɗaga shi ina sauke shi a kwamfuta, abin da ke fita ba ya kama da komai da na taɓa ji a gidan biki. Don haka na nemi wani dattijo makaɗi ta hannun abokina, na je na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka buga mini a kan wannan, yadda hannunka ya ga dama." Na sa masa abin ji a kunne, kik da caki na tafiya a ciki, ya saurara zagaye kaɗan, ya shiga. Daga abin da ya buga na yanko guntaye masu tsawon zagaye biyu da huɗu. Ga lup ke nan, amma namu, a kan gudunmu da awonmu.

Ga mai son gwadawa: ɗakin ƙasa ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, don bai cika mayar da amo ba. In siminti gare ka, jingina katifa a bango, ka rataya bargo, ka shimfiɗa tabarma. Ka zaɓi lokacin da kabu-kabu suka rage a hanya. Kada makirfo ya manne da fata, ba shi kamar kamu ɗaya ko biyu, kuma ka rage ƙarfin shiga don bugun kalangu yana da kaifi, yana saurin fasa sauti. Ka tuna fata tana bin yanayi: da hunturu a ɗaure take, da damina ta saki. Abin da kake so a waƙa ɗaya, ɗauke shi a zama ɗaya.

Maganar haƙƙi ina so mu riƙe ta da gaske. Lup ɗin da aka ce kyauta ne, dubban mutane suna da shi. Wani yana iya sa shi a waƙarsa ya yi mata rajista, kai kuma ka ɗora taka a YouTube, na'urar da ke gane sauti ta ce ka ɗauki kayan wani. Ka karanta sharaɗin kowane kunshi kafin ka yi aiki da shi, ka ajiye shaidar inda ka samo shi. Waɗanda ake turawa a WhatsApp ba suna ba asali, ni na daina sa su a aikin da zai fita. Haka nan makaɗin da ya buga maka: ku yi magana a fili tun kafin ya ɗauki sanda, ka gaya masa za ka yanka bugunsa, ka gaya masa waƙa nawa zai shiga, ka biya shi, ka sa sunansa. Hannun nan gadon gidansu ne. In waƙa ta kai ta fita kasuwa, muna da hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa a Nijar.

Yanzu dai tsarina ya zama haka: lup na waje don kama baiti da sauri a zaman farko, sannan in cire shi, kik da tafi da caki da hannuna, kalangu daga hannun mai shi. Abin da ya rage mini a waƙar nan shi ne kik da ƙasan muryar kalangu suna cin wuri ɗaya, in suka faɗi tare sai sautin ya dagule a ƙaramar sifika. Zan gwada rage ƙasan kalangun kaɗan, in bai yi ba in janye kik daga gidajen da Baba ya fi nauyin hannu. Wanda ya taɓa haɗa ganga ko kotso da kik a cikinku, ina son jin yadda ya raba musu wuri.