Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bokon da Na Yi da Gemu

Makon jiya mun tsaya a inda maigidana ya damƙa mini keken ɗinki nawa na kaina a shagonsa da ke Fagge. Yau zan amsa tambayar da mutane da dama suka yi mini, wato yadda aka yi almajirin da bai taɓa taka firamare ba yake rubuta musu wannan dogon labari.

Ni dai ban taɓa ɗaukar kaina jahili ba. Na sauke Alƙur'ani, ina rubuta allo, awon masu ɗinki ma da ajami nake rubuta shi a bayan kwalin sukari. Sai dai duk takardar da ta fito daga hukuma ko banki da boko take zuwa, kuma a nan ne ake ce maka kawo yatsa. Wanda bai taɓa tsayawa a layi an kama babban yatsansa an dangwala a tawada, akawu sa'an ƙaninsa yana yi masa kallon sama da ƙasa ba, da wuya ya gane abin da ya kai mu aji.

A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, irinta ta farko a Najeriya. Hukuma ce mai zaman kanta da kasafin kuɗinta, ba wani ɗan ofis da aka maƙale a lungun ma'aikatar ilimi ba. Da ma ilimin talaka, mace da namiji, abu ne da Malam Aminu Kano ya daɗe yana nanata wa 'yan PRP, jam'iyyar su Rimi, to da aka soke haraji da jangali sai aka waiwayo kan ilimin. Dattawan unguwarmu ba su ɗauke shi baƙon abu ba. Cewa suka yi yaƙi da jahilci ne ya dawo, irin na shekarun 1950 a zamanin En'e, lokacin da Ahmadu Coomassie ke riƙe da aikin a Arewa, ana buga littattafai a Zariya, ana kawo jaridar Jakadiya don waɗanda suka fara haɗa baƙi.

Da na je neman izini, maigidana yana yanka shadda, ko ɗagowa bai yi ba.

"Alhaji, ina so ka yarje mini in riƙa tashi da magariba, an buɗe ajin manya a firamaren unguwarmu."

"Kai da ka yi sauka, me 'yan boko za su ƙara maka?"

"Sa hannu, ranka ya daɗe."

Ya ɗan yi shiru, almakashi na ta aiki. Sannan ya ce, "Je ka. Amma kada in ji ɗinkin wani ya kwana saboda a, ba, ca."

Bayan isha'i muke shiga. Bencin yara ne, gwiwa na tokare da tebur, fitilar ƙwai biyu, ɗaya a gaban allo ɗaya a baya. A ajinmu akwai 'yan dako, akwai direbobin tasi, akwai masinja da ke son a ƙara masa matsayi a wurin aiki, akwai wani dattijon mahauci da bai taɓa fashi ba. Littafi, fensir, alli, duk kyauta, ko kwabo ba a karɓa. Mahaucin nan kullum sai ya karya bakin fensir, har malaminmu, wani matashi da ke koyarwa a firamare da rana, ya kama hannunsa ya ce, "Baba, sassauta, ba ƙashi za ka sara ba." Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Mu kuwa 'yan makarantar allo matsalarmu daban ce. Haɗa baƙi da wasali ba ya ba mu wuya ko kaɗan, mun riga kowa ganewa, amma hannu ya saba tasowa daga dama. Ka ɗan shagala sai ka ga ka faro layi daga inda ya kamata ka ƙare.

Shekarun nan na farko abin ya yi armashi. Ranar 8 ga Satumba 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, aka ce na shekara goma ne. A 1983 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yaba wa hukumar ta Kano, muka ji a rediyo, muna ta alfahari sai ka ce mu aka kira. A shekarar ce Malam Aminu ya rasu, Rimi ya bar kujera, a ƙarshen Disamba soja suka karɓi mulki. Kuɗin mai sun riga sun ja baya, ana ta maganar tsuke bakin aljihu, 1986 kuma SAP, shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin soja, ta zo ta ƙarasa. Ba wanda ya fito ya ce an rufe ajin manya. Allon sanarwa na nan a bakin makaranta. Kananzir ne ya fara yankewa, sai littafi, sai alawus ɗin malamai, su kuma malaman suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ni Allah Ya taimake ni na riga na karɓi satifiket ɗin farko na shiga aji na gaba kafin abin ya yi tsami.

A 1990, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da jahilci, gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC. Ministan ilimi na lokacin, Farfesa Babs Fafunwa, ya zo da kiran kowa ya koyar da mutum ɗaya, ko ya biya a koyar da shi. Magana ce mai daɗin ji, kuma ita ta sa na karɓi aji a matsayin malami. Amma da tafiya ta yi tafiya na fahimci wani ɓangare na ma'anarta shi ne gwamnati ta zare hannunta daga aljihu.

Alawus ɗina daga wata ƙaramar hukuma yake fitowa, bai kai kuɗin ɗinkin babbar riga ɗaya ba, shi ɗin ma sai a shafe watanni ba labari. Rajistar ɗalibai dai dole ka cike ta ka kai a kan lokaci. Ɗalibai suka koma karo-karon kuɗin kananzir, mai fura ma da ke zuwa ajin mata na yamma tana sa nata. Wani dare na dawo uwargida ta tare ni ta ce, "Malam, wannan aikin na lada ne ko na albashi? Faɗa mini in san irin miyar da zan ɗora." Na ce mata na lada ne, amma an yi alkawarin albashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na tela na gan shi. Wata shekara ana shirin bikin 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, aka kawo mini kwangilar ɗinka riguna iri ɗaya da ɗalibai za su sa a gaban manyan baƙi. Ina ɗinki ina lissafi a zuci: kuɗin yadin nan kaɗai zai riƙe ajina da alli da kananzir har shekara ta zagayo. Na ɗinka, an biya ni lakadan, ba a ja mini rai ba. Alawus ɗin koyarwa kuwa yana nan inda yake.

Masu cewa gwamnati ba ta san muhimmancin abin ba, ban yarda da su ba. Takardun manufa cike suke da shi. Kuɗi ne ba a ɗaure masa da doka ba. Dubi dokar UBE, wato shirin ilimin bai ɗaya, ta 2004: ta yanke kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jiha ta kawo nata kason ta karɓa. An ambaci ilimin manya a cikin shirin, amma kuɗin firamare da ƙaramar sakandare suke tafiya. Ba na ƙyashin yara, jikokina ne a ciki. Sai dai ajin manya ya zama ɗan riƙo, sai abin da ya rage a tukunya. In an dace da gwamna mai ra'ayinsa a ga haske, in ya sauka a koma jiran wani. Kuma uban da ba ya iya duba littafin ɗansa, ta yaya zai san ko yaron na zuwa makaranta ko yawo yake?

Uwargidan nan da ta yi mini gatsen miya, ba a daɗe ba ita ma ta ce sai ta shiga cibiyar mata ta cikin gari, ta koyi karatu da saƙa. Ni na amince nan take. Surukina ne ya ce in dai yana numfashi 'yarsa ba za ta riƙa fita da jakar littafi kamar 'yar firamare ba. Yadda muka ƙare da shi, da rawar da limamin unguwarmu ya taka, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.