Ɗanɗanon inabin Zinfandel a kan tsohuwar kuranga kafin girbi

Nonon inabin Zinfandel ba ya nuna a lokaci ɗaya. A nono guda za ka tarar da ƙwaya ja-ja mai tsami wadda ba ta ƙarasa ba, ga baƙa cikakkiya kusa da ita, ga kuma wadda ta yanƙwane ta zama zabibi tun tana rataye. Shi ya sa tsayar da ranar girbinsa yake da wuya, kuma shi ya sa daga tsakiyar Agusta nake shiga gonakin Lodi, a jihar Kalifoniya, ina ɗanɗana 'ya'yan da bakina, ba na barin wa na'ura hukunci ita kaɗai.

Sai ka san irin kurangar da kake tsaye gabanta tukuna. A dokar Amurka babu shekarun da aka yanka kafin a kira kuranga tsohuwa, kowa yana iya rubuta hakan a kwalbarsa. Ma'aunin da manoma suka fi girmamawa shi ne na ƙungiyar Historic Vineyard Society: gona ta kai shekara 50 da dasawa, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kurangun da ke haihuwa su zama na dashen farko. A Lodi akwai waɗanda suka wuce haka nesa, kamar gonar Marian da aka dasa a 1901. Da yawansu suna tsaye a kan saiwarsu ta asali, ba a yi musu aure da wata saiwa ba, domin ƙwaron filoksera da ya cinye gonakin inabi a Turai da yankin Napa na Kalifoniya ba ya jin daɗin rairayin da ke gefen kogin Mokelumne. Ba su da waya ko shinge. Kowace tana tsaye ita kaɗai, gajeriya, kututturenta ya murɗe, rassanta sun buɗe ta kowane gefe. Haihuwarsu kaɗan ce, sau da yawa tan 1 zuwa 3 a eka, amma ƙwayoyin ƙanana ne, ɓawo ya yi yawa a kan ruwa, ɗanɗano ya taru wuri ɗaya.

Da sassafe nake farawa, kafin rana ta ɗumama 'ya'yan, saboda inabi mai ɗumi yana ɓoye tsaminsa, sai ka ji kamar ya fi nuna. Ina ratsa gonar a karkace, ina barin kurangun bakin hanya domin ƙura da zafi sun sa su gaba da sauran. A kowace kuranga da na tsaya, ina cirar ƙwaya daga kafaɗar nono, da tsakiyarsa, da wutsiyarsa, wani lokaci ta ɓangaren rana, wani lokaci ta cikin inuwa. Hannu yana son zuwa kan kyakkyawar ƙwayar da ke waje, dole ka hana shi. A duba ganye kuma. Tsofaffin gonakin nan galibi gauraye aka dasa su, akwai wasu irin inabi kamar Carignane da Petite Sirah da Alicante Bouschet a tsakanin layuka, kuma in ka matse ƙwaya ka ga ruwanta ja wur, Alicante ce, kada ka sa ta cikin lissafi.

Ƙwaya ɗaya kashi uku nake yi mata. Ina matsa ta da harshe a ganɗa in ji tsokar: in ta rabu da ƙwallon cikin sauƙi, ta yi ruwa, to tana kusa, in tana manne, tana da yauƙi, da saura. Sai in tofar da ƙwallayen a tafin hannu, in tauna ɓawon shi kaɗai kamar sau 15. A nan gaskiyar take. Ɓawon da bai nuna ba yana da tauri, yana warin ɗanyen ganye, yana ɗaure baki da bauri irin na ɗanyar kanya. Wanda ya nuna yana niƙewa a haƙori, baurinsa ya yi laushi, ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace ya fito, wani lokaci har da ɗan yaji mai kama da masoro. Ƙwallon kuwa sai ya koma ruwan ƙasa, ya fashe ƙaras in an ciza. Kore mai ɗaci yana nufin a dakata. Bayan kuranga biyar ko shida a kuskure baki da ruwa, don zaƙi yana kashe harshe da wuri.

Na'urar auna zaƙi, wadda ake ɗiga mata ruwan inabi a leƙa ta haske, tana ba da lamba a ma'aunin biriks. Yawancin masu sayen Zinfandel don yin giya suna nema tsakanin 24 da 26. Amma awon ƙwaya-ƙwaya yana yaudara a wannan iri, domin zabibin da ke cikin nonon ba ya sakin sukarinsa nan take. Ka auna 24 a gona, a matse a zuba a tanki, bayan kwana biyu ya hau 26 ko 27. Kowane biriks ɗaya yana ba da barasa kusan kashi 0.55 zuwa 0.6 cikin 100, don haka wannan hawan shi ke kai giya sama da kashi 16, ko ya sa yis ya mutu a hanya sukari bai ƙare ba. Abin da nake yi shi ne in yanko nonuwa 15 zuwa 20 ɗungurungum, in murƙushe su a bokiti da zabibin da komai, in rufe in ajiye a wuri mai sanyi ya kwana, sannan in auna. Lambar washegari ita nake ba mai gona.

Zafi ma yana ƙarya. A farkon Satumba 2022 ma'auni ya haura digiri 46 na Salshiyos a Sacramento, birnin da ke kusa da Lodi, kuma a irin wannan mako biriks yakan yi tsalle cikin kwana biyu ko uku. Ba nuna ba ce, ruwa ne ya ƙafe daga 'ya'yan. Baki yana gane bambancin: zaƙi ya yi yawa, amma tsami yana nan da kaifinsa, ƙwallo kore, ɓawo kuma yana ɗanɗanon dafaffen abu. In ganye bai ƙone ba, ina ganin gara a jira iskar yamma da ke tasowa daga yankin Delta, mahaɗar koguna da ke yamma da Lodi, ta sanyaya dare, sau da yawa lambar takan ɗan sauko.

A buɗe nono a leƙa cikinsa kullum. Na Zinfandel a matse yake, ɓawonsa siriri, ƙwaya ɗaya ta fashe a tsakiya sai fumfuna ta kama ba a gani daga waje. In ka ji warin ruwan tsami ko ka ga ƙananan ƙudaje suna shawagi, ruɓa ta shiga, kuma ruwan sama ko ban ruwa a makonnin ƙarshe shi ke kawo ta. A wannan hali ba a jiran ɓawo ya kai inda ake so, a yanke a tsince a gona. Ƙananan nonuwan da ke fitowa daga baya a saman rassa kuwa, tsaminsu ya yi yawa a ranar girbi, sai a gaya wa masu yanka tun da duhu su bar su a kan kuranga.