Wuta a Bakin Kogo

Daga cikin ƙagaggun labaran da nake karantawa, babu waɗanda suke hana ni barci kamar waɗanda aka gina a kan rayuwar mutanen da suka shuɗe tun kafin a san rubutu, musamman na zamanin ƙanƙara a nahiyar Turai, kimanin shekaru 30,000 da suka wuce. Tsarinsu yakan yi kama da juna: wani mutum, galibi mace, ya rabu da danginsa saboda kora ko annoba, ya wayi gari shi kaɗai a bakin kogo ga hunturu yana ƙaratowa, can daga baya kuma wani baƙo ya ɓullo, soyayya ta shiga tsakani.

Abokaina sun ɗauka soyayyar ce take riƙe ni, amma gaskiyar magana ita ce dogon zangon kaɗaicin da ke gabanta ya fi kama zuciyata. Marubucin da ya san aikinsa yakan ɓata shafuka da dama yana nuna yadda matar take sassaƙa wuƙa daga dutse, yadda take haƙa rami don dabba ta afka, yadda take yanyanka nama ta shanya kafin kuraye su jiyo ƙamshi, da yadda take jeme fata da ƙwaƙwalwar dabbar da hayaƙi, tunda babu bagaruwa irin ta majemanmu a wannan ƙasa. Babu wanda zai yabe ta idan ta gwanance, babu kuma wanda zai kawo mata ɗauki idan ta kuskure. Ni da na tashi a gidan da ba a rasa mai sallama a ƙofa, wannan irin shiru yana ba ni tsoro, yana kuma ja na.

Wuta ce zuciyar waɗannan labarai, kuma ba marubuta ne suka ƙirƙiri damuwar da ake yi da ita ba. Gawar mutumin da ake kira Ötzi, wadda aka tsinta a cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, tsakanin Italiya da Ostiriya, ta nuna cewa ya mutu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce yana ɗauke da busasshen naman kaza irin na jikin itace mai saurin kama wuta a jakar ɗamararsa, da kuma wani mazubi na ɓawon itace da ya sa garwashi a ciki naɗe da ganye. Ya zo daga baya ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin da littattafan suka fi so, amma duk sa'ad da na karanta wurin da jarumar ta farka cikin dare tana hura toka da fargabar ko garwashin ya mutu, shi nake tunawa. Abin sha'awa, a Hausa kalma ɗaya ce, ƙanƙara, take nufin abin da ke daskarar da mutum da kuma dutsen da ake buga ƙyastu a kai.

Idan baƙon ya iso, yawanci da rauni yake isowa, kuma ba ya jin harshenta. A nan ne soyayyar take samun nauyin da ba kasafai nake samu a wasu littattafai ba. A littattafanmu na soyayya, masoya suna fama ne da iyaye da dangi, da batun lefe da kishiya, wato jama'a ce take yi musu yawa. A nan kuwa rashin jama'ar ne matsala, domin wadda ta shekara uku ba ta yi magana da kowa ba sai ta koyi yadda ake zama da mutum tun daga tushe: wanke masa rauni, nuna masa ruwa da yatsa ta faɗi sunansa a harshenta, shi ma ya faɗi a nasa. Jinyar nan tana da madogara a ƙasa. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi, masanin tarihi Ralph Solecki ya tono ƙasusuwan wani mutumin Neanderthal, wato wani jinsin mutanen da da ya ƙare tuntuni, a shekarun 1950, wanda hannunsa ɗaya ya shanye, fuskarsa kuma ta taɓa samun mummunan rauni, amma ya rayu shekaru masu yawa a haka, abin da masana suke ɗauka a matsayin alamar cewa wasu ne suka riƙa kula da shi. Haka kuma binciken ƙwayoyin halitta da masani Svante Pääbo ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa mutanen Neanderthal da kakannin mutanen yau sun haihu da juna.

Ba komai nake haɗiyewa ba. Wasu marubutan sukan jibga wa mace ɗaya ƙirƙirar allura da magani da horar da doki, alhali doki bai shiga hannun ɗan Adam ba sai cikin shekaru 6,000 na baya-bayan nan. Wasu kuma sukan cika shafuka da bayanin kwanciya dalla-dalla, wanda nakan tsallake ba tare da na yi asarar komai ba.

Abin da ya rage mini a rai shi ne kusan duk labaran a ƙasar sanyi suke faruwa, alhali muna da namu. A Gobero, cikin hamadar Tenere a Nijar, inda a da akwai tafki mai kifi da dorina, tawagar Paul Sereno, mai binciken ƙasusuwan da, ta tono kabarin wata mata da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, an binne su fiye da shekaru 5,000 da suka wuce. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, a 1987, wani makiyayi da ke haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita takwas da ɗoriya, wanda ya kai kimanin shekaru 8,000. Ina jiran ranar da zan buɗe littafin Hausa in tarar da wata mata tana tuƙa wannan kwalekwale ita kaɗai, da garwashinta a cikin ƙwarya.