Wutsiyar akuya da zomon Beatrix Potter

Shekara ta uku ke nan ina haɗa ƙananan littattafan karatu saboda 'yan aji biyu na firamaren da nake koyarwa. Ni ke rubuta labarin, ni ke zana hotunan, in kai shagon kwamfuta a fitar mini da kwafi arba'in ko hamsin, in dawo gida in ɗinke su da zare da allura. Na farkon labarin wata akuya ne da ta ɓata ranar kasuwa. Da ka na zana ta, cikin dare, bayan na gama duba aikin yara. Washegari na raba musu. Wata yarinya a layin gaba ta daɗe tana kallon shafi na biyu, sannan ta ɗaga hannu.

"Malama, wannan ba akuya ba ce. Ita akuya wutsiyarta sama take kallo."

Gaskiya ta faɗa. Wutsiyar da na zana ta sauko ƙasa kamar ta tunkiya. Akwai awaki a gidansu, ita ke ba su dusa kullum da safe. Daga wannan shafin ba ta ƙara bin labarin da zuciya ɗaya ba, na gani a fuskarta, kuma abin ya tsaya mini a rai.

A zangon nan ne, a karatun ƙaro ilimi da nake zuwa ƙarshen mako, aka ba mu aiki kan marubutan adabin yara, ni kuma Beatrix Potter ta faɗo hannuna. An haife ta a Landan a 1866, gidan masu hali. Ba a kai ta makaranta ba, malamai mata ne suka koyar da ita a gida. A ɗakin karatunsu na saman bene ita da ƙanenta Bertram sun tara zomaye da ɓeraye da jemagu da ƙadangaru, suna zana su ba dare ba rana. Idan wata dabba ta mutu sukan dafa gawar har naman ya zube, don su ga yadda ƙasusuwan suka haɗu. Da ta girma sai ta koma kan naman kaza, ta zana ɗaruruwa, tana duba ƙwayoyinsa da madubin ƙara girma. A 1897 aka gabatar da takardar bincikenta a ƙungiyar masana halittu ta Linnean da ke Landan, amma namiji ne ya gabatar a madadinta, domin a lokacin ba a barin mata shiga taron.

Wannan matar ce ta rubuta kuma ta zana littafin yara na Peter Rabbit, labarin wani ɗan zomo da ya shiga lambun wani mutum. Da na san tarihin sai na koma kan hotunan ina kallonsu da wani idon. Zomon yana sanye da 'yar riga shuɗiya da takalma, amma a ƙarƙashin rigar zomo ne na gaske: doron bayansa, dogayen ƙafafun baya, yadda kunnuwa ke miƙewa in ya ji motsi. Akwai wurin da takalmansa suka zube a lambun Mista McGregor, sai ya koma gudu da ƙafa huɗu, gudun ma ya ƙaru. Wanda bai taɓa zama ya ƙura wa zomo ido ba, ba zai kawo wannan ba. Ni kuwa da farko na ɗauka tunda yara ne, duk abin da na zana ya wadatar. Ashe su ne ma suka fi kowa gani, don babba yakan karanta rubutu ya wuce, yaro kuwa kan hoton yake zama har sai ya ƙirga ƙafafu.

Asalin labarin Peter Rabbit ma wasiƙa ce. Ranar 4 ga Satumba 1893, tana hutu a Scotland, ta rubuta wa Noel Moore, ɗan tsohuwar malamarta, yaro ɗan shekara biyar da ke fama da rashin lafiya. Ta ce masa ba ta san me za ta rubuta masa ba, don haka bari ta ba shi labarin wasu 'yan zomaye huɗu, ta kuma zana su a jikin takardar. Yaro ɗaya take yi wa magana, wanda ta san fuskarsa. Ni a da "yara" nake rubuta wa, wato kowa da kowa, shi ya sa jimlolina suke fitowa kamar sanarwar hedimasta a layin safe. Yanzu in na zauna rubutu, yarinyar nan ta layin gaba nake ajiyewa a gabana. Duk jimlar da na san za ta sa ta waiwaya taga, sai in goge.

Shekara takwas labarin ya yi kafin ya zama littafi. Kamfanonin ɗab'i da dama sun mayar mata da shi, sai ta biya da kuɗinta aka buga kwafi 250 a Disamban 1901, hotunan baƙi da fari. A 1902 kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi da launi. Ta nace a bar littafin ƙarami, daidai tafin yaro, kuma da araha; sule ɗaya aka sa masa. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don nawa na farko faɗin takardar jarrabawa ne, yara kan shimfiɗa shi a benci kamar tabarma, kafin mako ya zagayo gefunan sun yage. Tun daga na biyu nake ninke takardar gida huɗu. Yana shiga aljihun riga, suna tafiya da shi gida, kuma wasu iyaye mata sun ce mini ƙannensu ma ana karanta musu.

Potter ba ta kuma ɓoye wa yara haɗari ba. Tun farkon labarin uwar zomayen ke gargaɗinsu cewa a lambun nan ne aka kama ubansu aka yi girki da shi. Ni da nake cire duk wani abin tsoro daga labaraina, sai na tuna kakata ba ta taɓa cire kura daga tatsuniya ba, kuma saboda kurar muke matsowa kusa da ita.

Sauran rayuwar Potter gona ce. A 1905 editanta Norman Warne, wanda aka yi musu baiko, ya rasu wata guda kacal bayan baikon. A shekarar ta sayi gonar Hill Top a ƙauyen Near Sawrey da ke yankin tafkuna na arewacin Ingila. Ta auri lauya William Heelis a 1913, ganinta ya fara raguwa, zane ya ja baya, ta duƙufa kiwon tumakin Herdwick har ta yi suna a cikin makiyaya. Da ta rasu a 1943 ta bar wa National Trust, ƙungiyar da ke adana filaye da wuraren tarihi a ƙasar, fili sama da eka 4,000. A ajinmu na ƙarshen mako wasu sun ce ta yi asarar baiwarta. Ban yarda ba. Wadda ta san zomo har ƙashinsa, ba abin mamaki ba ne ta ƙare a cikin garke.

Wata Asabar na ɗauki littafin zane da fensir na shiga gidan maƙwabciyarmu Inna, na roƙe ta kujera 'yar tsugunne kusa da turken awakinta. Ta ce, "Malama, yau kuma awaki za a koya wa boko?" Na ce ni ce zan koya a wurinsu. Na zauna tun hantsi har azahar. A nan na ga baƙin idon akuya a kwance yake, ba zagayayye ba. Na ga in za ta kwanta gwiwoyin gaba take fara durƙusawa, baya ya biyo. Na ga yadda muƙamuƙinta ke tafiya gefe-gefe in tana tuƙa. Shafi goma sha ɗaya na cika.

Ranar Litinin na kira yarinyar lokacin tara, na miƙa mata sabon zanen ban ce komai ba. Ta bi shi da yatsa tun daga ƙaho har wutsiya. Sannan ta ce, "Malama, irin tamu ce, ja ɗin nan. Ta samu hanyar gida kuwa?"