Jajiberin Shekarar Damisa a Guangzhou

Litinin, 31 ga Janairu, 2022

Sanyi ne ya tashe ni kafin ƙararrawar waya. Tun daren jiya ake yayyafi, irin siririn nan da ba ya jiƙa riga nan take amma yana ratsa ƙashi. Bayan na idar da sallar asuba na leƙa ta taga, layinmu na Xiaobei tsit, kamar ba nan ne ake turereniya da kwalaye da amalanke ba. Shaguna a rufe, kowace ƙofa an manna mata jajayen takardu biyu dama da hagu. Ma'aikata sun tafi garuruwansu tun makon jiya. Gobe ne ɗaya ga watansu, sabuwar shekarar Sinawa, ranar da shekarar sa za ta fita, ta damisa ta shigo.

Jakunkunan da mutanena na Kano ke jira ba za su motsa ba sai bayan hutu. Mai masana'antar ya ce sai takwas ga wata zai buɗe, don a bakinsu sunan takwas yana kama da kalmar bunƙasar arziki. Na aika wa Alhaji saƙon murya na yi masa bayani, ya ce Allah ya kai mu.

Wajen ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gidan da nake haya ce, dattijuwar da nake kira Ayi, wato kamar a ce Gwaggo a wajenmu. Ta shigo tana haki, rungume da tukunyar ƙaramar bishiyar lemo, 'ya'yanta ƙanana kamar goruba ta yi wa kanta ado da zinariya. A ɗaya hannun akwai jar leda da wani littafi mai kauri. Na karɓi tukunyar na ajiye. Ba ta ko zauna ba ta nuna ni da yatsa ta ce, "Kai damisa ne." Ashe ta duba takardar hayarmu ta ga an haife ni a 1986. Ta tambayi wata, na ce Yuni, kuma Inna ta sha faɗa mini cewa lokacin damina ne. Ta gyaɗa kai, domin damisar waccan shekarar ta fara ne ranar 9 ga Fabrairu, wanda aka haifa kafin nan dabbarsa sa ce, ba damisa ba.

Shekara bakwai ke nan ina wannan gari, na san dabbobin nan goma sha biyu kamar yadda yaro ya san jerin watanni: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan nasu mai kama da maciji, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. Abin da ban taɓa tsayawa na fahimta ba shi ne yadda suke haɗa su da abubuwa biyar, itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, har lissafin ya zagayo sau ɗaya a shekara sittin. Bana damisar ruwa ce, rabon da a ga irinta tun 1962. Tawa ta wuta ce. Kuma damisarsu ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba ce, mai zane-zane ce, a goshinta akwai layi uku a kwance da ɗaya a tsaye, wanda suka ce shi ne harafin "sarki" a rubutunsu. Shi ya sa ake ɗinka wa jarirai takalma da huluna masu kan damisa.

Na ɗauka murna za ta taya ni, tunda shekarata ce. Sai na ga fuskarta babu walwala. A wajensu, shekarar da dabbarka ta zagayo ita ce shekarar da ya kamata ka fi taka-tsantsan. Ta ce akwai wani mai mulkin shekara da suke kira Tai Suwe, asalinsa daga tafiyar tauraron Mushtari ne, wanda ke zagaye rana cikin kusan shekara goma sha biyu. Bana yana zaune a arewa maso gabas, a gidan damisa. Masu damisa sun zauna masa a kujera, masu biri suna fuskantarsa kai tsaye, masu maciji da alade su ma abin ya ɗan shafe su. Ta buɗe littafin, tana bin layi da farce, tana karanta wa wayarta tana fassara mini inda Sinancina ya gaza. Kada in shiga sabon kasuwanci da garaje. Kada in tsaya wa kowa lamunin bashi. In kula da hanya, in guji jayayya da abokan hulɗa. In zan nemi abokin ciniki, in nemi doki ko kare, su ne aminan damisa.

Ina saurarenta, raina yana can unguwarmu. Na tuna wani malami da mata ke zuwa wurinsa da la'asar, ya baza yashi a faifai yana ɗiga yatsu. Na tuna yadda mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya hana kowa a gidanmu taka ƙofar, yana maimaita hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Wannan tarbiyyar tana nan a jinina. Ban tambayi Ayi komai ba, ita ce ta zo da shi, amma duk da haka na yi ta istigfari a zuci.

Daga nan ta koma kan ɗakin. Wannan shi ne fengshuwe, ma'anarsa iska da ruwa, wato sanin yadda za a tsara gida ko kabari ko gari don ya dace da abin da suke ɗauka numfashin ƙasa ne. Masanan abin suna da wani faifan kamfas mai zobba da yawa cike da rubutu. Ita a wayarta take da shi. Ta tsaya a tsakiyar falo tana juyawa a hankali, allurar tana rawa. Abin ya taɓa ni, domin a daidai wurin na tsaya ranar da na tare, da tawa wayar, ina neman alƙibla. Daga nan garin alƙibla tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Ta kalli dardumata da ke shimfiɗe a kusurwa, ta kewaye ta, ba ta taka ba, ba ta kuma ce komai a kanta ba.

Ta ce bana tauraron masifa, mai lamba biyar, ya sauka a tsakiyar kowane gida, don haka kada a yi hayaniya ko fasa gini a tsakiya. Na ciwo, mai lamba biyu, yana kudu maso yamma. Na arziki, mai lamba takwas, yana arewa maso gabas, amma kada in kuskura in kafa ƙusa a bangon wajen, tunda nan ne mazaunin Tai Suwe. Sai ta zo kan teburina, ta buga shi da tafin hannu. Na ba ƙofa baya, in ji ta, ga kuma kwalayen samfur na tara a bayan ƙofar har ba ta buɗuwa sosai. Ta ce mutum yana zama ne bango a bayansa, ƙofa a gabansa.

A nan kam ban yi mata gardama ba. Wane ɗan kasuwa ne a Kwari ko Sabon Gari yake ba ƙofar shagonsa baya? Muka kama teburin ni da ita muka juya shi. Na kwashe kwalayen na jera su a ƙarƙashin gado. Da ta shiga kicin ta ji famfo yana ɗiga, ta ce kuɗina ne ke zuba. Wata biyu ke nan ina cewa zan gyara. Na ɗauko sifana na ɗaure shi tana tsaye. Gaskiya ɗakin ya yi haske, kuma iska ta samu hanya.

Sai ta kwance jar ledar. Kwabbai shida ne irin na da, masu huda mai kusurwa huɗu, an jera su a jan zare, na ratayewa a tsakiyar falo don ƙarfe ya karya ƙarfin tauraron nan. Sai kuma wata jar igiya saƙaƙƙiya, ta ɗaurawa a wuyan hannu har shekara ta fita. Ta miƙo hannu za ta kama nawa.

Wallahi ban taɓa jin nauyin cewa a'a kamar yau ba. Wannan matar, a watan Afrilun 2020, lokacin da ake fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya a garin nan saboda korona, har wasu 'yan uwanmu suka kwana a bakin titi, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ɗan hayarta ba ya zuwa ko'ina. Kwana goma sha huɗun da na yi a kulle, kullum sai na tarar da ledar kayan lambu da ƙwai a rataye a mariƙin ƙofa. Yanzu ga ta da igiya a hannu, tana so ta kare ni da abin da ta sani.

Na janye hannuna a hankali, na dafa ƙirjina. Na ce, "Ayi, na gode, na san don kina ƙaunata ne. Amma addinina bai yarda in rataya wani abu don ya tsare ni ba. Mu a wajenmu babu ran da ya san abin da zai samu gobe, sai Allah." Na faɗa da Sinancin da nake da shi, na sake faɗa wa waya don kada maganar ta fita da kaifi. Ta karanta, ta yi shiru. Na ga idonta ya kawo ruwa, hankalina ya tashi, na ɗauka na ɓata mata.

Ashe ba ni ba ne. Ta sa hannu a aljihun rigar sanyinta ta fito da wata igiyar, iri ɗaya sak. Ta ɗanta ce. Shi ma 1986 aka haife shi, yana aiki a Kanada, wannan ne biki na uku da bai zo gida ba, saboda tsadar jirgi da makonnin killacewa. Ta ce da ya cika ashirin da huɗu, a waccan shekarar damisar ta 2010, ita ta ɗaura masa da hannunta. Bana ta sayi biyu. Ta haɗa igiyoyin ta naɗe su wuri ɗaya, ta mayar aljihu, ta ce za ta ajiye tawa tare da tasa. Kwabban ma ta mayar cikin leda. Bishiyar lemon kuwa ta ce wannan ado ne, ba ta komawa da ita. Na ce na karɓa hannu biyu.

Bayan ta sauka na daɗe zaune a sabon mazaunin teburina ina kallon ƙofa. Duk abin da ke cikin littafin nan, kada ka ci bashi, kula da hanya, guji faɗa, Inna ma shi take faɗa mini a ƙarshen kowace waya, sai dai ita da addu'a take rufewa. Mu ma muna da namu camfin, a gidanmu ba a shara da daddare, su kuma gobe ba sa taɓa tsintsiya don kada su share arzikin shekara. Ban yarda taurari suna riƙe da rabon kowa ba, kuma ba zan yarda ba. Amma tsoron da ya sa ta hawo bene hawa huɗu da tukunya a hannu, na san shi sarai, shi ne yake hana Inna barci tun da aka rufe hanya.

Da magariba ta aiko jikarta da kifi dafaffe a turare, da citta da albasa a kai. Yarinyar ta ce in ji kakarta, sabuwar tukunya ce, ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Ta kuma ce kada in cinye duka, a bar saura ya kwana, don kalmar kifi da ta rara sautinsu ɗaya. Na ci rabi da shinkafa, na rufe sauran, ko ba komai ga karin kumallo. Na ba yarinyar jar ambulan da sabuwar takardar yuwan goma a ciki, domin a nan Guangdong masu aure ne ke ba yara, kamar dai goron salla. Ta karɓa da hannu biyu ta ruga. Na ware wasu uku na masu gadi.

Ƙarfe takwas na ji sautin shirin talabijin ɗin bikin yana fitowa daga kowane gida a benen. Sha biyun dare ya yi daidai da biyar na yamma a Kano, sai na kira Inna. Na ba ta labarin igiyar tun daga farko. Ta ce na kyauta da ban ɗaura ba, ta kuma ce in gaishe da matar, Allah ya dawo mata da ɗanta lafiya, ni ma ya dawo mata da ni. Ta tambaya ko an ga wata a nan. Na ce su ba sa jiran gani, lissafi suke bi, amma watan ɗaya ne, shi ne zai zama Rajab a wajenmu nan da kwana biyu ko uku.

Na zaɓi manyan lemo biyu na ajiye a kan teburi. Da safe in Allah ya kai mu zan sauka in kai mata, in isar da saƙon Inna. Sharar barandar da muke haɗawa kuma sai jibi.